Daga Sakkwato Zuwa Boɗinga Da Shagari A Motar Haya

  

Yau ba zancen girki ko ɗinki za mu yi ba, zancen tafiya ne. Mace ba ta rasa tafiya: yau biki, gobe suna, jibi gaisuwar mutuwa, ga kuma 'yan mata masu komawa makaranta a garin da ba su san kowa ba. Yawancinmu kuwa ba motar gida ke kai mu ba, motar haya ce. To, shiga motar haya a garinku daban, shigarta a garin da kike baƙuwa daban. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ni dai na ga gaskiyar maganar nan a hanyar Boɗinga da Shagari, cikin Jihar Sakkwato, shi ya sa na ce bari in ba ku labari, ko wata ta amfana.

Cikin bazara ne aka yi wa wata aminiyata rasuwar mahaifiya a garin Shagari. Tare muka yi makaranta da ita, aure ya raba mu, ni ina Zariya ita tana can. Na nemi izinin maigida ya ba ni, na ɗauki ɗiyar ƙanena, yarinya 'yar shekara goma sha biyar, don ta yi mini rakiya. Muka yini a hanya, muka kwana a Sakkwato gidan wasu 'yan'uwa. Niyyata in tsaya Boɗinga in gai da wata gwaggon maigidana da ke aure can, sannan in wuce Shagari in yi gaisuwa, in komo Sakkwato a ranar. Duka garuruwan biyu kan hanya ɗaya suke, babban titin da ya fita kudu da birni ya nufi Tambuwal da Jega. A baki abin ba wuya.

Da safe matar gidan ta ce in dakata ɗanta ya komo ya kai mu tasha. Na ce haba, ni da na san Kano na san Kaduna, Sakkwato ce za ta gagare ni? Muka fito bakin titi, na tsai da mai Keke Napep, na ce masa, "Malam, Shagari za mu." Nufina ya kai mu inda ake shiga motar Shagari. Ya ce mu shiga. Muka yi ta tafiya, can sai ya tsaya a bakin wata babbar ƙofa, ga samari da 'yan mata suna ta shige da fice da littattafai. Ya ce an iso. Na ce ina aka iso? Ashe babbar makarantar horon malamai ce da aka sa wa sunan marigayi Shehu Shagari. Ya gan ni da yarinya da jaka, ya ɗauka makaranta na kawo ta. Ban ga laifinsa ba, nawa ne. Na biya kuɗin zuwa, na sake biyan na komawa, rana kuwa ta riga ta ɗaga.

Ku riƙe wannan, 'yan'uwa. Sunan babban mutum yakan bazu cikin gari, a sa wa makaranta, a sa wa titi, a sa wa unguwa. Garuruwa da yawa a ƙasar nan suna da rukunin gidajen da ake kira Shagari, don a zamanin mulkinsa aka gina su. Saboda haka in za ki faɗi wurin da za ki, ki faɗe shi a cike. Ki ce garin Shagari, hanyar Tambuwal, ki kai ni tashar da ake lodinsu. Sa'an nan ki sa mai abin hawan ya maimaita miki da bakinsa kafin ki sa ƙafa. Kuɗin ma a lokacin ake yanke shi, kina tsaye a ƙasa. Wadda ta shiga ta zauna sannan ta tambayi nawa ne, ta riga ta sayar da bakinta.

Ku kuma san cewa kowane gari da sunan da yake kiran abubuwansa. Babur ɗin haya da Kanawa ke ce wa acaɓa, a Sakkwato kabu-kabu ne. Hausar ma sai kin kasa kunne. Inda muke cewa lafiya, su lahiya suke cewa. Me, su ce mi. Zauna, su ce zamna. Inda za mu ce baƙuwa ce, su ce baƙuwa ta. Kada ki yi dariya, kuma kada ki kwaikwaya don a ɗauka ke 'yar gari ce. Kalma biyu za ki yi su gane ki.

Muna sauka a bakin tasha, tun ban gyara mayafina ba, sai ga wani saurayi ya kama hannun jakata. "Hajiya, Boɗinga? Shagari? Tambuwal? Mutum biyu ya rage, yanzu za mu tashi." Ya nuna mini wata mota a gefen titi, wajen tasha, da mutum uku a zaune ciki. Yarinyar nan har ta fara binsa. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, na ce ya sakar mini jaka, zan sayi abin karyawa tukuna.

A nan Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa mai tuyar waina a bakin ƙofar tashar. Na gaishe ta, na ce ta zuba mana ta ɗari biyar. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, ke baƙuwa ta, ko? Zamna nan." Ta turo mana benci. Na gaya mata inda za mu. Ba ta ko ɗaga kai daga tanda ba ta ce kada in shiga waccan motar. Ta ce mutanen ukun nan tun hantsi suke zaune a ciki, ba fasinja ba ne, abokan direba ne da ake zaunar da su don a ga kamar mota ta kusa cika. Da kin biya kin zauna, sai su riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce zai kama ruwa, wancan ya ce zai sayo goro, ki wayi gari ke kaɗai ce a mota, kuɗinki kuma ya shiga aljihu. Ta kira wani yaro ta ce ya kai mu wurin masu lodin Boɗinga a cikin tasha. Da za mu tashi ta ce, "Tahiya ba ta da wuya, ɗiyata, komowa ad da wuya." Wato dawowa ke da wuya. Na ce to Inna, na gode. Amma gaskiya ta kunnen dama maganar ta shiga ta fita ta hagu.

Tun daga ran nan na ɗauki wata ɗabi'a, ina kuwa ba ku shawararta. An ce matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma sai ya san wanda zai tambaya. Direba in kin tambaye shi, motarsa zai nuna miki. Ɗan kamasho ladansa yake nema, kan kowane fasinja yana da rabo. Mai waina da mai fura da mai tuwon tasha kuwa ba su da mota, ba su da riba a ɓatanki. Shekara da shekaru suna zaune a wuri ɗaya, sun san kowane direba da halinsa, sun san wanda ke gudu da wanda ke tsayawa salla, sun san kuɗin kowane gari. Ki yi sallama, ki sayi ɗan abu ko kaɗan ne, ki tambaya. Mace ba ta cika ƙin gaya wa 'yar'uwarta gaskiyar hanya ba.

Bari in gaya wa waɗanda ba su saba ba yadda tasha take, don akwai matan da ke tsoronta saboda hayaniya, su gwammace tsayawa bakin titi. Wannan kuskure ne. Hayaniyar tasha tana da tsari a ƙarƙashinta. Motoci layi suke bi, wadda ta riga zuwa ita ke fara lodi, sai ta cika ta tashi ta bayanta ta matso. Akwai shugabannin ƙungiyar direbobi, wadda ake kira NURTW, suna zaune a rumfarsu, sun san motar da ta tashi da mai tuƙa ta. Kuɗin kowane gari sananne ne, abin da na kusa da ke ya biya shi za ki biya. In kin manta ƙunshi a mota, ko direba ya yi miki rashin mutunci, kina da wurin kai ƙara. A doguwar tafiya ma sukan ba da takarda kowa ya rubuta sunansa da lambar wayar wani nasa. Kada ki yi ƙyuya, ki rubuta ta gaskiya. Motar bakin titi kuwa ba ta da uwa ba ta da uba. Takan fi araha, ba na musu, don ba ta biya kuɗin tasha ba. Amma araha ba ta ado.

Ƙaramar motar haya mutum shida take ɗauka, biyu a gidan gaba, huɗu a baya. In kina da ciki, ko goyo, ko ciwon ƙafa, ki biya kuɗin kujera biyu ki huta, ba abin kunya ba ne. Ki roƙi mai lodi ya haɗa ki da mata, yawanci sukan yi ba tare da gardama ba. Kuɗin kaya daban ne da kuɗin mutum, a yanke shi kafin a sa jaka a but. Ki tanadi canji a hannu, kada ki kwance bakin zane ko ki buɗe jaka gaban jama'a kina lissafin manyan takardu. Kada kuma ki dogara ga tura kuɗi ta waya kaɗai, don akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, direba kuwa ba zai tsaya jiranki ba.

Na ji wata fasinja tana faɗa da mai lodi, wai bara ba haka ta biya ba. Na tausaya mata, amma shi ma da gaskiyarsa. Ran 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, a 2024 har ta taɓa 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Don haka kuɗin da wata ta gaya miki ta biya shekarun baya, labari ne. Ki tambayi na yau, ki kuma riƙe ƙari.

Motarmu ta cika, direba ya yi bisimilla, muka fita. Bayan an bar birni sai ga hanyar filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta shekara hamsin, daga 1938 zuwa 1988. Daga nan alhazan jihar ke tashi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗa, jan gari da gonakin gero da ba a kai ga shuka ba, sai bishiyoyin dogon yaro, sai jakuna da raƙuma jefi-jefi. Zafi kuwa ba a magana. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Wadda za ta ƙasar nan a watan Afrilu ta riƙe ruwa, don zafin yakan wuce awo 40. Kamar rabin sa'a muka yi, sai ga mu a Boɗinga.

Wanda ya ratsa Boɗinga a guje ba zai ga komai ba sai shaguna da masu rake da 'yan kabu-kabu a gindin bishiya. Amma 'yan makaranta, ku buɗe kunne. Ƙasar nan da muke takawa tana da tarihi. Gaba kaɗan da Boɗinga akwai Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan an ci Alƙalawa, yana karantarwa yana rubuta littattafai, har 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A zamansa na Sifawa ne ya raba kula da ƙasa biyu, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Shi Malam Abdullahin kuwa a nan Boɗinga ya zauna kusa da wansa, sai bayan rasuwar Shehu ya koma Gwandu.

Gwaggon maigidana, tsohuwa mai son labari, ita ta tuna mini da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793. Na ba ta labarin wahalar da muka sha da safe, sai ta yi dariya ta ce mu 'yan zamani da mota ma muna kuka. Ta ce a zamanin Nana, mata daga ƙauyuka suke takowa da ƙafa su zo ɗaukar karatu wurinta, ana kiransu 'yan taru. Ba kuwa kowa ke kama hanya ita kaɗai ba. Kowace ƙungiya tana da shugaba, dattijuwa mai hankali da ake kira jaji, Nana da kanta ke naɗa ta, ta ba ta malfa. Jaji ta san hanya, ta san inda ake kwana, tsofaffi da 'yan mata suna biye da ita. Ina jin haka sai mai wainar nan ta faɗo mini a rai. Malfa ce kawai ba ta da ita.

Muka ci tuwo, muka yi azahar, hira ta yi daɗi. Sai wajen ƙarfe biyu da rabi muka fito neman motar Shagari. A nan na koyi abu na biyu game da ƙananan garuruwa. A birni mota ke jiran mutum. A garin kan hanya mutum ke jiran mota. Motocin Tambuwal da Jega suna wucewa fuu, amma a cike suke tun daga Sakkwato, sai in wani ya sauka a sami gurbi. Mu kuwa gurbi biyu muke nema. Waɗanda suka saba da Abuja ko Ikko, inda ake kiran tasi ta waya ya zo har ƙofar gida, su ajiye wannan tunani a can. A nan ɗan gari shi ne wayarki. Jikan gwaggo ne ya tsaya mana, ya san direbobin da fuska, ya bar mota biyu suka wuce, ta uku ya ɗaga mata hannu. Ana kiran la'asar muka shiga Shagari.

Garin ba babba ba ne, amma sunansa ya kai ko'ina. A nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, a 1925. A Yabo, nan kusa, ya fara makarantar boko, ya yi aikin malanta shekaru kafin ya shiga siyasa. Ya zama shugaban ƙasa ran 1 ga Oktoba 1979, soja suka hamɓare gwamnatinsa ran 31 ga Disamba 1983. Ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba 2018, aka kawo shi gida aka binne a garin da aka haife shi. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauki yarinyata yana ta nuna mata wurare da baki, ni kuwa ina bayansu a kan wani babur ina ta cewa a yi a hankali. Da ma na ce musu tare za mu tafi, kada ɗaya ya wuce ɗaya. In kuna biyu kuka hau babura biyu a baƙon gari, ku faɗi haka tun kafin a tayar.

Gidan makoki kun san yadda yake. Aminiyata ta rungume ni muka yi kuka, aka yi addu'a, aka kawo ruwa, aka kawo fura. Wannan ta shigo a gaisa, waccan ta ce ai sai kin ga jikokin marigayiya. Ina ɗaga kai sai na ga rana ta yi ja. Na ce za mu koma. Aminiyata ta ce mu kwana. Na ce ina, na gaya wa mutanen Sakkwato yau zan komo, gobe da asuba kuma za mu kama hanyar Zariya. Ta haɗa mu da wani ƙanenta ya raka mu bakin titi.

Wurin da muka sauka ɗazu da mutane, yanzu ya yi tsit. Masu talla sun tattara. Motocin da ke lodi a garin sun tafi tun da rana, ba wadda za ta sake tashi. Muka tsaya. Mota ta zo a cike, ta wuce. Wata ta zo, ta wuce. Aka kira magariba, ɗan rakiyarmu ya ce bari ya yi salla a masallacin nan na gefe ya dawo. Tafiyarsa ke da wuya sai ga wata mota mai kyau, ba fentin haya, ta rage gudu ta tsaya gabanmu. Maza biyu a gaba, ɗaya a baya. Na gaban ya sauke gilashi ya yi sallama da ladabi, ya ce, "Hajiya, Sakkwato? Ku shigo mu rage muku hanya, ko sisi ba za ku biya ba. Bai kamata a bar mata a titi da dare ba."

Yarinyar nan ta ce, "Gwaggo, Allah ya kawo mana sauƙi," har ta ɗauki jaka. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na so shiga. Ƙafafuna sun gaji, ga alkawarin da na yi, ga maganarsa mai daɗi. Mai yiwuwa kuma mutanen kirki ne, Allah ya sani, ban ɗauki alhakinsu ba. Amma na duba, ba wanda ya san su a wurin, ba wanda zai ce ya ga lambar motar, ga duhu, ga 'yar mutane a hannuna wadda uwarta ta damƙa mini amana. Na tuna da labaran 'yan wan cans na Abuja, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, na tuna kuma hanyoyinmu na Arewa ba su da amincin da suke da shi a da, balle bayan faɗuwar rana. Na riƙe hannun yarinyar na ce, "Mun gode, Alhaji, muna jiran ɗan'uwanmu ne, ga shi can a masallaci." Ya sake cewa mu shigo. Na sake godiya, na ja da baya zuwa wajen hasken wani mai shayi. Suka ja motarsu.

Da ɗan rakiyarmu ya fito na ce masa mu koma gida. Na buga waya Sakkwato na ce sai gobe, na buga wa maigida na gaya masa tafiyar Zariya ta ƙara kwana. Ya ce hakan ya fi. Yarinya ta yi ta kumbure-kumbure, wai ta bar kayan kwananta a birni. Aminiyata ta ba ta zane, aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida saboda zafi, muka kwana muna hirar makaranta har dare ya raba. Rabon da mu yi irin wannan hira shekara ashirin.

Da na tambaya tun da farko, da an gaya mini cewa motocin garin da sassafe suke lodi, sai kuma ranar kasuwa da ake samun su har yamma. Da kuma na karɓi lambar wayar direban da ya kawo mu, ko na yi shatar mota tun daga Boɗinga ta kai mu ta jira mu. Shata tana da tsada, kuɗin kujerun duka za ki biya har da na jira, amma in ku uku ne ko huɗu kuka haɗa, ba ta fi ƙarfinku ba. Sai dai a yi ta a cikin tasha, gaban shugabanninta, a ba da rabi a riƙe rabi sai an komo.

Gari na wayewa, bayan mun karya da kunu da ƙosai, ƙanen aminiyata ya kai mu inda ake lodi. Mota ta farko ce, mu da wasu mata biyu masu kai kaji birni muka cika bayan. Cikin kamar sa'a guda muna Sakkwato. Da muka fito ƙofar tasha sai ga Inna a wurinta, tanda tana ta ƙauri. Ta gane mu tun daga nesa. Ta dubi kayan jikinmu na jiya, ta dubi jakar, ta ce, "Ɗiyata, can kunka kwana?" Na ce can muka kwana, Inna. Ba ta ce komai ba, ta turo mana benci da ƙafa, ta zuba waina, ta ƙara wa yarinya biyu a kai.